Jan Rubutun Malam

Ku 'ya'yana, tun ranar sunan jaririyar 'yar'uwarku Asma'u nake son in yi muku maganar nan, bakina ya kasa, shi ya sa na zauna rubuta ta. A ranar ina daga bakin zaure na ji ɗayanku, ba sai na faɗi suna ba, ya san kansa, yana gaya wa baƙi cewa Baffanku Malam Bello ne ya yi sakaci har ruwa ya ci littattafan kakanku a Gummi, kuma ba don Babanmu ya zuba su a kwamfuta ba da shi ke nan. Baffan naku yana zaune, tsakaninsa da mai maganar bai fi taku biyar ba. Ya ji sarai, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni ma na ji, na yi shiru, har wani baƙo ya juyo ya sa mini albarka na ce amin. Wannan amin ɗin ita ta hana ni sakat har yau.

Yawancinku ba ku riski kakanku ba. Malam muke ce masa, mu da Inna duka. Malamin ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, ba wanda ya san shi a birni, amma littattafansa na hannu, waɗanda ya gada da waɗanda ya kwafa da kansa, sun cika akwatin ƙarfe biyu. Yana da wata al'ada da ba ya saɓa mata: baƙar tawada ta masu littafi ce, ja kuwa tasa ce. Duk abin da ya fito daga kansa, a gefen shafi yake sa shi da ja, don yana jin kunyar wani ya zo bayansa ya gauraya maganarsa da ta manyan malamai. Inna ce ke haɗa masa tawadar da karan dafi da ƙaro, kuma ba ya son ta yi kauri, sai ta fito tsararo kamar ruwan zoɓo na biyu. Da wannan jan yake fassara kalma mai wuya da ajami, da shi yake rubuta sunan malamin da ya biya masa wurin. Da shi ya rubuta yadda ya raba gardamar fadama shekarar da gulbi ya sauya hanya ya bar gonar wani a tsallake, da yadda ya raba gadon gidaje da yawa, har bayan rasuwarsa mutane kan zo a buɗe musu a ga abin da Malam ya ce. Ranar haihuwata ma tana nan a gefen babin alwala.

Yaya Bello shi ya gaji karatun. Ni boko aka kai ni, na ƙare malamin kwamfuta a wata sakandare a Anka har na yi ritaya. Kun san halina, idan na kama abu ba na kama shi da hannu ɗaya. Abin da na kama a shekarun nan shi ne babbar manhajar nan ta kyauta da ke tafiyar da kwamfuta, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka taru suka rubuta, suka bar ta a buɗe kowa ya duba cikinta, ya gyara in ya iya. Na so ta, kuma har gobe ina son ta, don ta tayar mini da tsofaffin kwamfutocin makaranta da aka riga aka yi wa sallar gawa. Sai dai son ya wuce misali. Duk wanda ya kawo mini kwamfutarsa gyara sai ya sha wa'azi kafin ya karɓe ta. A ɗakin malamai Limamin Kyauta suke kirana, ni kuma ina jin daɗin sunan ina nuna kamar ba na so.

Shekarar da ƙauyenmu ya tashi saboda 'yan bindiga, Yaya Bello ya ɗauki Inna da iyalinsa ya koma Gummi, ya kama wani gidan ƙasa a unguwar da ke gangaren gulbi. Akwatunan Malam kuwa gidana aka kawo su a Anka, don a lokacin bai sami inda zai ajiye su ba. Da na buɗe na ga yadda takardun suka fara karyewa a gefe, sai na ce ga ranar da bokona zai yi wa gidanmu amfani. Na sayi sikana, na'urar nan mai murfi da gilashi da ake kifa takarda a kai ta ɗauki hotonta zuwa kwamfuta. Na rantse a raina ba falle ɗaya da zan bari.

Ga inda abin yake. Kowace na'ura da za ka haɗa da kwamfuta tana buƙatar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke sa su fahimci juna. Manhajar kyauta tana zuwa da direbobi na gama-gari, masu iya tafiyar da na'urori iri-iri gwargwado. Amma wasu na'urorin, kamfanin da ya ƙera su ya riƙe sirrinsu, sai ka sauko da kunshinsa na musamman daga intanet ka ƙara a kai kafin su yi duk aikin da aka yi su dominsa. Sikanata irin waɗannan ce. Ina haɗa ta, sai saƙo ya fito a allo, baro-baro, ba wani ɓoye-ɓoye: an gane na'urar, za ta yi aiki da direban gama-gari amma baƙi da fari kawai, in ana son cikakken aikinta a ƙara kunshin kamfani. A daidai lokacin kuwa aka rufe layukan waya a jiharmu, ba kira ba intanet, mutum sai ya yi tafiya ya tsallaka wata jiha kafin ya gaisa da ɗan'uwansa. Wannan shi ne uzurin da na riƙa ba kaina. Amma ba shi ne gaskiyar ba, kuma mahaifiyarku shaida ce. Tana shirin tafiya Sakkwato biki, ta same ni ina harare-hararen allo, na gaya mata abin da ya ce.

"To ka rubuta man sunan abin ga takarda mana," in ji ta. "In na isa sai in ba ƙanena shi sauko ma da shi ga filashi. Kwana huɗu na dawo."

"Hajara, ba ki gane ba. Kunshin nan ruhe shi ke, ba a bari ka ga abin da ac ciki. Abin da ban iya ganin cikinai ba ya shiga kwamfutata."

"Kai ka san cikin maganin hawan jinin da kaka sha kullum?"

"Wanga daban, wanga daban. Rubutu na za ni ɗauka, ba hoton biki ba. Baƙi da hwari ya isa."

Ta ɗauki gyalenta ta ce Allah ya ba Liman haƙuri. Ni kuma na danna inda aka rubuta "daga baya", na ƙara da danna inda aka ce kada a sake tambayata.

Ba wai ban gwada ba. Na gwada, kuma gwajin ne ya kashe ni. Littafin da ke saman akwati na ɗauka, wani ƙarami da ɗalibin Malam ya kwafa, ba ɗigon ja ko ɗaya a cikinsa. Na ɗauki shafi uku, na buɗe su manya a allo, rubutu ya fito tas, ya fi na takardar kyau. A raina na ɗauka ja zai fito toka-toka, yadda na saba gani a injin kwafi na makaranta. Sai na saita abin ya riƙa ajiyewa da kansa, ni dai in kifa falle, in danna, in ɗauke, in kifa wani. Wata biyu ina wannan aiki, kullum daga bayan karin kumallo har batirin sola ya gaza. Jan rubutun Malam ya wuce ta hannuna falle bayan falle, ina ganinsa a takarda da idona. A kusurwar allo kuwa ɗan ƙaramin hoto kan fito, bai fi akwatin ashana ba. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na sha kallon ɗan hoton nan, na ga gefen shafi fari fat, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne, kai, wannan na'ura akwai tsabtar aiki. Na gama, na ƙirga fallaye na ƙirga hotuna suka yi daidai, na kwafe su a filashi uku, na ba kowane wurin ɓuya daban. Ban sake buɗe ko ɗaya ba. Ajami ba ya ja na, kuma wanda ya tabbata ya iya ba ya komawa duba aikinsa.

Da Yaya Bello ya zo Anka, na nuna masa filashin a tafin hannuna, na ce ga akwatin Malam biyu nan. Ya juya shi, ya juya, ya miƙo mini. Sai na ce tunda an gama, ya kamata littattafai su koma wurin mai karanta su.

"A'a Usmanu, bar su nan," ya ce. "Gidanka na siminti na, kuma bisa tudu shi ke. Inda nike, damina in ta yi ƙarhi har zaure ruwa ka shigowa. Na karantarwa ina da na ɗab'i, bugun inji."

"Yaya, ɗakin nan yara ka kwana ciki, akwatunan sun tushe wuri. Kuma mi za ya same su? Ko wuta tac ci su yanzu, suna nan cikin wanga."

"Ka tabbata komi da komi ya shiga?"

"Ko ɗigon tawada ban bari ba."

Haka na ce masa, da wannan bakin. Ni na kira mai a-kori-kura, ni na kama aka ɗora akwatunan, ni na raka su har Gummi na sa aka jera su a ɗakin zaure a kan bulo huɗu. Ku riƙe wannan da kyau: Baffanku bai nemi a kai masa su ba.

Damina ta uku bayan haka gulbi ya cika ya shiga gari. Da hantsi Yaya ya kira ni daga wata makaranta da aka tara mutane, ya ce rai dai bai salwanta ba, ya goyo Inna ya fito da ita ruwa iya ƙirji, amma zaure ya faɗi a kan akwatunan. Kwana biyu kafin a iya tono su. Takardar hannu ba ta jure ruwa, tawadarta ma haka. Abin da aka samu a ciki ya zama kamar ƙullin dawa, baƙi da ja sun haɗe, in ka taɓa sai ya biyo yatsa. Da ya sake kira ya gaya mini, na yi salati a waya, na jajanta, amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙasan zuciyata akwai wani ɗan daɗi. Ranata ta zo. Na ce masa ya kwantar da hankali, ya kawo Inna Anka su huta, littattafan Malam suna nan lafiya lau.

Bayan mako guda suka zo. Da la'asar na tara su a falo, Inna da Yaya da mahaifiyarku, ku duk kuna makarantunku da wuraren aikinku. Don Inna ta gani da kyau, har talabijin na haɗa da kwamfutar. Na zaɓi babban littafin fiƙihun Malam, wanda ya fi kowanne shan hannu, na buɗe shafi ya cika allo. Na juyo ina jiran a yaba. Inna ta matso da tabarmarta, ta ƙanƙance ido. Ba ta iya karatu ba, ko harafi ɗaya, amma shekara arba'in tana tace tawadar nan. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga ba littahin Malam ba na," ta ce.

"Shi na, Inna. Ga hannunai nan."

"To ina jan?"

Na duba allo. Baƙin rubutu a tsakiya, reras. Gefe huɗu fari, ko tabo babu. Na ce wataƙila wannan shafin ne ba shi da shi, na matsa gaba. Fari. Na ƙara matsawa. Fari. Na tsallaka zuwa babin alwala, inda na san ranar haihuwata take, wurin da tun ina yaro Malam ke ɗora yatsana a kai yana dariya. Babu komai, kamar ba a taɓa haihuwata ba. Na buɗe littafi na biyu, na uku, na ciro ɗaya filashin, na aika aka ɗauko na ukun daga cikin adakar mahaifiyarku, kamar wani zai bambanta da wani alhali ni na kwafe su daga wuri ɗaya. Na ƙara duhun hoton har takarda ta koma toka, ko inuwar harafi ba ta fito ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har da ranar da muka kwana a daji muna gudun 'yan bindiga, don a can akwai inda za a gudu.

"Yaya," na ce, "baƙin dai duk shina nan. Ba a rasa ko layi guda ba."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Usmanu, baƙin ana sai da shi kasuwa. Jan shi an namu."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ja tabarmarta ta koma jikin bango, ta ce a kashe talabijin ɗin hasken yana damun idonta. Mahaifiyarku, Allah ya saka mata, ta dube ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai, ba ta tuna mini maganar Sakkwato ba, ranar ko bayanta. Kafin a kira magariba Yaya ya ce maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Ya ce mutanen ƙauyenmu sun rasa gidaje sun rasa gonaki, yanzu abin da ke sanyaya musu rai shi ne an ce littattafan Malam sun tsira, kada a ƙwace musu wannan ma. Na yarda da sauri, saurin da har yau nake jin kunyarsa. Daga nan labari ya bazu yadda kuka ji shi: Malam Bello ya bar littattafai a bakin gulbi, ɗan boko ya cece su. Duk wanda ya zo neman abin da Malam ya ce a kan gona ko gado, Yaya kan faɗa masa abin da ya iya tunawa, ya ce sauran sai an duba.

Washegari da safe na ɗauko sikanar daga saman kwaba, inda take tun ranar da na gama aiki. Ina son in san abin da ya faru. Layin waya ya daɗe da dawowa. Na shiga shafin kamfanin, na ƙara ma'ajiyarsu a cikin jerin wuraren da kwamfutata ke sauko da manhaja, na rubuta layi biyu na umarni, aka tambaye ni ko na amince da sharuɗɗansu na ce na amince, na kashe na kunna. Shayin da mahaifiyarku ta ajiye mini bai huce ba aka gama. Abin da na ƙi yi ke nan. A bayanin da ya zo da kunshin na karanta dalili: na'urar tana da fitilu kala uku a ciki, direban gama-gari kuwa ja kaɗai ya san yadda ake kunnawa, kuma jan rubutu a ƙarƙashin jar fitila daidai yake da farar takarda. Ba laifin manhajar kyauta ba ne, waɗanda suka rubuta ta sun gaya mini iyakar abin da suka iya, ni na ce kada su sake tambayata.

Na ɗaga murfin don in sa wata takarda in gwada, sai na ga falle kwance a kan gilashi. Na ƙarshen da na ɗauka ne, na manta ban mayar da shi akwati ba, shekara uku yana nan a kife. Na daɗe ban taɓa shi ba. Sannan na rufe murfin a hankali na danna. Hoto ya sauko a allo daga sama zuwa ƙasa, takarda ruwan ƙasa, baƙi a tsakiya, ga jan Malam ya zagaye shi ta gefe uku, siriri, a karkace, har inda alƙalami ya yi masa tsartuwa. Na fita tsakar gida ba takalmi na kira Yaya da Inna. Inna ta kai hannu ta shafa gilashin talabijin, ta ce wannan tawadar ta shekarar da aka haifi Bello ce, ta yi mata yawan ƙaro.

Fallen yana cikin gafakar fata a cikin akwatina, ƙarƙashin takardun gida. Shi kaɗai ya rage daga akwati biyu. Wanda ya yi maganar nan ranar suna, ina son ya shirya ya je Gummi ya durƙusa gaban Baffansa, sauran ku kuma ku raka shi, ni ma zan bi ku don tawa durƙusawar ta fi taku tsawo. In kun je ku roƙe shi ya karanta muku fallen, kamar yadda ya karanta mana a safiyar nan yana bin allo da yatsa. Magana ce a kan gonar da ruwa ya raba biyu, da wanda ya cancanci tsallaken. Malam ya kawo maganar wannan, ya kawo ta wancan, ya ce shi kuma ga abin da yake gani. Nan wuri ya ƙare masa a kusurwar ƙasa, sai ya ƙanƙanta rubutu ya sa kalma huɗu. Yaya ya karanta su, ya sauke yatsansa:

"Cikon bayani yana gaba."